Yadda Firinsifal Bilyaminu Ya Kai Rago Shinkafi da Turanci

Akwai ɓarnar da ba a kai ta gaban alƙali, kuma ita ta fi ciwo: mutum ya sayi falanki da gwangwanin fenti, ya rubuta wa kansa Firinsifal, ya rataye a ƙofar zaure. Waɗanda suka tsufa suna shaƙar ƙurar alli sun san ba da fenti ake hawa wannan kujera ba. Har yau kuwa ba wanda ya tsayar da Bilyaminu na Kaura Namoda ya sa shi ya nemi gafarar mutanen da ya ɓata wa lokaci, balle ta sana'ar koyarwa da ya zubar wa mutunci a tsakiyar kasuwa. Ya kamata a yi. Kafin a yi, bari a faɗi abin da ya faru dalla-dalla, kada gobe ya ce sharri aka yi masa.

Lokacin jiha sabuwa ce, Shari'a kuma ta fi ta sabunta. An rufe gidan silima, an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata a babur, aka ware wa mata motocinsu. Magidanta da yawa suka wayi gari hanyar abincinsu ta ƙuntata. A wannan tsakani Bilyaminu ya dawo daga Kaduna, inda ya ce karatu ya je, da kwat ɗaya, da nektai ja, da wata ƙasida marar bango a kan halayen ɗan kasuwa. Ya share zauren gidansa, ya kira shi Kwalejin Turanci da Dogaro da Kai. Ya ce jifa ɗaya zai yi ya kashe tsuntsu biyu: Turancin da zai koyar shi ne kuma sirrin arziki.

Makon farko zaure ya cika. Kafin wata ya mutu saura mutum biyu: Mahmuda ɗan kabu-kabu, wanda rabin fasinjojinsa mata ne kafin doka, da Sabo, mai yanka tikiti a silimar da aka rufe. Ba a koya musu gaisuwa ba, ba a koya musu ƙirga ba. Abin da aka sa su haddacewa da Turanci shi ne cewa ɗan kasuwa na gari ba ya tsoron kasada, yana hango dama kafin kowa, yana tashi mutane na barci, yana da haƙuri. Mahmuda yana iya rero waɗannan ba tuntuɓe, amma da ƙishirwa za ta kama shi a ƙasar Turawa sai dai ya mutu.

"Malam," in ji Mahmuda wata rana, "yaushe za mu kai inda ake tambayar kuɗin abu?"

"Wannan na aji biyu ne. Ba a ɗora jinka sai an yi gini."

"Ni dai karatun ga na yi min daɗi," in ji Sabo. "Ko ba komi, akwai inuwa."

Daga bayan katanga muryar Rabi'atu, matar Bilyaminu, ta taso. Ita ke dama fura tana aikawa tasha, da ita gidan ke tsaye. "Malam, in an ƙare dogaro da kai, a shigo a dogara da tuwona. Ya sauka."

Ɗalibai suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Abin ya tsaya wa Bilyaminu a rai. Ya ƙudura sai ya nuna wa wannan mata, da Kaura baki ɗaya, bambancin mai ilimin kasuwa da mai dama fura.

Rabi'atu na da rago. Uwarta ta ba ta shi daga Zurmi yana ɗan ƙarami, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa har ya zama sai an kalle shi sau biyu. Ga Layya ta matso. Dabarar Bilyaminu ita ce ya kai ragon Shinkafi ranar kasuwa, ya sayar da tsada, ya sayo ƙanana biyu, ya shigo gida da su ya ga yadda bakinta zai mutu. Kuma ba zai bi ta hannun dillali ba.

"Dillali kaska ne," ya gaya wa ɗalibansa. "Bai kiwata ba, bai shayar ba, sai ya tsaya tsakani ya sha jini. Gobe za ku ga kasuwancin zamani da idonku. Amma akwai sharaɗi. Abin da ke hana ɗan Arewa jin Turanci shi ne Hausa. Kowa zai rantse, daga fitarmu Kaura har mu komo Kaura, kalma ɗaya ta Hausa ba za ta fito bakinsa ba."

Sabo ya sosa ƙeya. "Malam, rantsuwa hwa ba wasa ba ta. In mutum ya karya kaffara ta hau shi, talaka sai azumi, ga zahi ya shigo."

"Wanda bai yi niyyar karyawa ba, me ya haɗa shi da kaffara?"

Shi ya fara rantsewa, da ƙarfi, har da ƙarin da ba wanda ya nema. Su ma suka bi.

Da hantsi, Rabi'atu na madafa tana fama da turmi, Bilyaminu ya lallaɓa wurin ragon. Ƙullin da ta yi wa igiya a turke ya gagare shi. Sai ya zare igiyar daga wuyan ragon ya bar ta nan, ya kwance nektai ɗinsa ya ɗaura masa. Haka suka hau babur: Mahmuda a kan tanki, Bilyaminu a tsakiya da rago a cinya, Sabo a can baya rabinsa a iska.

Ba su yi nisa ba ragon ya jiƙa kwat ɗin Bilyaminu da fitsari. Can gaba iska ta ɗauke hular Sabo, hular aurensa. Yana so ya ce a tsaya, bai san kalmar ba. Sai ya dinga dukan bayan Bilyaminu yana kwarma ihu da Turanci cewa ɗan kasuwa na gari yana da haƙuri. Bilyaminu ya waiwayo ya yaba masa, ya ce lafazinsa ya gyaru. Hula ta tafi ke nan.

Kowa ya san yadda ake shiga kara, kasuwar dabbobi. Kana isa dillalai za su tarye ka, ka ba wanda ka sani, ya ɗaure dabbarka a turkensa. Ladan da yake karɓa ba na surutu kaɗai ba ne. Shi ne shaidar cewa dabbar taka ce, in kuma ta sata ce wuyansa za a kama. A shekarar nan kuwa, da maganar yanke hannun ɓarawo ta zama hirar kowace majalisa, ko ɗan akuya ba mai saye sai ya san turken da ya fito. Yaron da ke aji uku ya san wannan. Firinsifal bai sani ba, ko kuwa ƙasidarsa ba ta faɗa ba.

Dillalai suka taso masa. "Sannu da hanya, ɗan boko, kawo shi turkena." "Nan, nan, Alhaji, ga inuwa." Ya kore su da bayan hannu kamar ƙudaje, ya je tsakiyar fili cikin rana ya tsaya, rago a hannu, ɗalibai a dama da hagu.

Wani mahauci ya zo ya taɓa gadon bayan ragon, ya buɗe haƙoransa, ya taya. Tayin ba laifi. Bilyaminu ya buɗe baki zai ce albarka don a ƙara, sai ya tuna. Ya maye gurbinta da jawabi mai tsawo. Mahauci ya saurara har ƙarshe, ya dubi Mahmuda.

"Shi wanga, ciwo na, ko haka anka haihe shi?"

Mahmuda ya amsa masa da Turanci cewa ɗan kasuwa na gari ba ya tsoron kasada. Mahauci ya ja da baya yana neman tsari, ya tafi.

Na biyu wani dattijo ne mai neman ragon Layya. Tayin da ya yi ya wuce abin da Bilyaminu ya yi mafarki. Ya gyaɗa kai da sauri, ya miƙa hannu a tafa. Dattijo bai miƙa nasa ba.

"Wane na dillalinka?"

Bilyaminu ya nuna ƙirjinsa.

"To wa ya san ka nan?"

Ya sake nuna ƙirjinsa. Dattijo ya dubi ragon, ya dubi jan ƙyallen da ke wuyansa, ya dubi kwat mai zanen fitsari. Ya wuce kai tsaye rumfar Alhaji Muhtari, sarkin dillalan kara.

Kafin Bilyaminu ya gama bayyana wa ɗalibansa cewa wannan salon ciniki ne, mai saye zai dawo, sai ga Alhaji Muhtari da 'yan agaji biyu, da dillalan da aka kora ɗazu, da duk wanda ba shi da abin yi a Shinkafi.

"Samari, ragon wa na?"

Bilyaminu ya gyara tsayuwa. Ga taro ya samu, abin da ya daɗe yana nema. Ya fara zuba Turanci. Ɗaya daga cikin 'yan agajin, wani magidanci da ya taɓa aikin jirgin ƙasa, ya ce yana ɗan ji, zai fassara iyakar abin da ya kama.

"Ranka shi daɗe, ya ce ragonshi na."

"Madalla. Ina igiyarshi?"

"Ya ce ɗaure rago da ƙyallen wuya sabuwar ƙirƙira ta."

"Mi ya hana shi ba dillali?"

Mai fassara ya saurara, ya sake tambaya ko ya ji daidai. Bilyaminu ya maimaita da ƙarfi, har da nuni.

"Ranka shi daɗe, ya ce ku kaska na. Dukanku."

Wani guntun dillali ya fara naɗe hannun riga. Alhaji Muhtari ya tsayar da shi da sanda. "Bari. Kaska ma tana da tambaya. Waɗanga biyu, shaidunka na? To, kai mai babur, ka san mutumen ga? Ina ya samu rago?"

Mahmuda ya dubi malaminsa, ya dubi rana, ya tuna azumi a wannan zafi. Ya karanto abin da ya iya.

"Ya ce mutumen yana tashi mutane na barci," in ji mai fassara.

Taro ya ɗauki guna-guni.

"Kai kuma marar hula?"

Sabo, idonsa ya cika da ƙwalla, ya karanto nasa.

"Ya ce yana hango dama kahin kowa, kuma ba ya tsoron kasada."

"To ai shi ke nan," in ji wani daga baya. "Abokan aikinshi sun hwaɗi."

Bilyaminu, maimakon ya ga ramin da ke gabansa, sai ya ɗaga wa ɗalibansa babban yatsa, don ba su yi kuskure ko ɗaya ba.

Alhaji Muhtari mutum ne mai bin abu a hankali. Ya ce a saki ragon, mai shi ya kira shi, dabbar gida ta san mai ba ta dusa. Aka kwance nektai. Bilyaminu ya tsuguna, ya miƙa hannu, ya kira shi da Turanci cikin lallashi. Ragon da ya sha matsa tun daga Kaura ya dube shi, ya ja da baya kamar mai shawara, ya zo ya sa masa ƙaho a ƙirji. Firinsifal ya zauna cikin kashin shanu.

Ba a gama dariya ba wani ya ce, ba da ƙarfi ba, "Wane hannu aka yankewa ma, na dama ko na hagu?"

"Na dama," mutum goma suka amsa.

Sai aka ji wata murya ta tashi daga ƙasa inda Firinsifal ke zaune, da Hausar da ko kakarsa ta garin Ɗan Isa ba ta fi shi iyawa ba.

"Don Allah don Annabi, Baba Alhaji, ku tsaya. Wallahi ni ba ɓarawo ba na. Bilyaminu nike, ɗan Kaura, bayan tashar jirgi gidanmu yake, kowa ya san ubana."

"Ashe da baki," in ji Alhaji Muhtari. "Sannu da zuwa ƙasar Hausa. Ragon wa na?"

"Na gidana na."

"Gida ba ya kiwo. Na wa na cikin gidan?"

Bilyaminu ya yi ƙasa da murya. "Na iyali na."

"Ita tab ba ka?"

"Wato, Baba, a ilimin kasuwanci, in dama ta zo..."

"Ita tab ba ka?"

Bilyaminu ya sunkuyar da kai. Aka yanke cewa ba mai taɓa shi, ba kuma mai sakinsa, sai mai rago ta zo da bakinta ta faɗi ko aike ne ko sata. In sata ce, sai gaban alƙali. Aka tura Mahmuda Kaura. Ya tashi babur da murnar da bai iya ɓoyewa ba, don yana taka Kaura rantsuwarsa ta sauka.

Aka zaunar da Bilyaminu a rumfar dillalai, tsakanin kaskoki. Ba wanda ya zage shi. Abin da suka yi ya fi zagi. Wani ya kawo masa ruwa ya ce ya karɓa da dama tun tana nan. Wani ya tambaye shi ko ya iya rubutu da hagu, tun da aikinsa na allo ne. Da aka kira azahar aka raka shi alwala, ya daɗe yana wanke hannun nan yana kallonsa kamar baƙon da zai yi tafiya. Sabo na gefe, rana na dukan ƙoƙon kansa, bakinsa a rufe gam. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce masa da Turanci ɗan kasuwa na gari yana da haƙuri.

Abin da ya fi damun Bilyaminu shi ne motar mata. Mahmuda ba shi da ikon ɗauko Rabi'atu a babur, motar mata kuwa takan wuni a tasha ba ta cika ba. Sai dai a ranar ba ta ɓata lokaci ba. Mahmuda, da bakinsa ya buɗe, bai nufi gidan ba sai da ya tsaya tasha ya ba da labari, ya tsaya wurin masu shayi ya maimaita. Bayan la'asar mota ta tsaya bakin kara, cike maƙil da matan unguwar su Bilyaminu, kowace ta tuna tana da sayayya a Shinkafi.

Rabi'atu ta fito, lulluɓe da mayafi, igiya a hannunta. Ba ta dubi mijinta ba. Ta yi ɗan tsaki sau biyu irin na kiran dabba, ragon ya ratsa mutane ya zo yana shinshinar zanenta. Ta ɗaura masa igiyarsa.

"Ɗiyata," in ji Alhaji Muhtari, "mun ga mai rago. Tambaya ɗaya ta rage, ki auna kahin ki amsa, don maganar tana da nauyi. Ke kinka ba shi ya sayar?"

"Ban ba shi ba, Baba."

Bilyaminu ya cusa hannun dama cikin hammata.

"To sata ya yi ke nan?"

Sai yanzu ta juyo ta kalle shi, tun daga takalmi har wuyan da babu nektai. Ta daɗe tana kallo, ta bar shi ya dahu.

"Baba, ku da kunka tsuhwa cikin kara, kun taɓa ganin ɓarawon da ya samu rago kamar wanga, ana saura kwanaki Layya, ya wuni da shi bai sayar ba? Ɓarawo na da wayo. Wanga mijina na. Na yahe, ku sake shi."

Dariyar da aka yi har shanu suka firgita. Matan Kaura suka riƙe juna. Alhaji Muhtari ya share hawaye da bakin rawani ya ce magana ta mutu, tun da mai abu ta yafe kafin a kai gaba. Aka sa ragon a bayan mota.

Bilyaminu kuwa, da ya ga hannu ya tsira, sai ƙirji ya fara dawowa. Ya kakkaɓe kwat, ya soma gaya wa Sabo cewa darasin yau shi ne juriya, kuma da ma ya shirya abin ya tafi haka. Yana cikin wannan wani tsoho ya dafa kafaɗarsa. Malam Na'ibi ne, mai jan salla a masallacin kara, wanda Mahmuda, da ya biyo bayan motar mata ya dawo, ya riga ya kwashe wa labarin rantsuwa.

"Ɗana, hannu ya kuɓuta, saura baki. An ce ka rantse, kuma duk mun ji ka karya. Kaffara ta hau ka: ka ciyar da miskini goma, ko ka tuhwatar da su. Wanda ba shi da hali shi ka azumi, kwana uku."

"Ciyarwa zan yi, Allah shi gafarta Malam," in ji Bilyaminu da ƙarfi, don taro ya ji. "Miskini goma me ne ne a wurin mai kwaleji?"

Malam Na'ibi ya ce hali ba a baki yake ba, a gida ake saninsa. Ya juya wajen motar mata, wadda direba ya riga ya tayar.

"Ɗiyata, yana da halin ciyar da goma?"

Rabi'atu ta leƙo ta taga, ta gyara mayafi.

"Allah shi gafarta Malam, mu biyu muke gidan, kuma ni ka ciyar da mu. Ku ba shi azumi. Sahur ma sai na ga dama."